Mutum Nawa Ne a Ɗakin Goro?

Zongo, Wagadugu
6 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Shahida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya sanyin Beljik. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya shigo tun kafin lokacinsa. Kakarki Yaaba tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko Nasara sun ɓoye miki hanyar gida ne.

Kada ki yi dariya don na rubuto a takarda. Taubashiyarki Rokia ce za ta ɗauki hotonta ta turo miki ta waya. Na gwada saƙon murya sau biyu, sai na tarar gidan duk ya yi tsit ana saurarona, har kaji sun daina tono.

Kin tuna Abdulaye na bayan gidanmu. Mahaifinsa direban kamiyo ne, babbar motar kaya, daga Tawa, kakanki marigayi Alhaji ya sauke shi, ya yanka masa fili a jikin katangarmu. To Abdulaye ya mai da filin nan depon gaz. Da butel ashirin ya fara, wato tukwanen gaz. Shekaranjiya na leƙa ta kan katanga na ƙirga ɗari da tamanin, wuyana ya gaji ban gama ba. Kuma ba sayarwa kawai yake yi ba, yana juye gaz da tiyo daga manyan butel zuwa ƙanana. Wani lokaci warin har tsakar gidanmu.

Sau uku na yi masa magana. Kullum sai ya durƙusa ya ce Allah ne mai tsarewa, da yamma kuma ya aiko mana da butel cike. Mutane sun ce in kai shi meri, ofishin magajin gari. Da wane ido zan kai ɗan baƙon mahaifina ƙara? Gobe a masallaci sahu ɗaya za mu tsaya.

An gaya mini aikinki shi ne ki gina gida cikin ordinatar, wato kwamfuta, ki tayar da fashewa kusa da shi, ki ga inda zai faɗi. Ranar da na fara ji na ce shekara bakwai ana karatu don a rushe gida, alhali nan damina ɗaya ta ishe mu. Na janye maganata. Ki duba mana, in Allah ya ƙaddara abin nan ya tashi, ina zai taɓa a gidan nan? Mutum goma sha huɗu ne a wuyana.

Ki huta lafiya.
Kawunki,
Abduljalil

*

Liyej
8 ga Maris

Kawu,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ka, na gai da Yaaba da duk mutanen gida. Wasiƙarka ta faranta mini rai kuma ta tayar mini da hankali. Shekara goma sha ɗaya rabona da gida, yau ne aka fara neman aikin hannuna a can, na gode.

Zan yi, amma ka san abu ɗaya tun yanzu. Ordinatar ba ta duba, ba ta san gaibu ba. Abin da aka gaya mata kaɗai take lissafi da shi. In gaz ya taru ya kama, iska ce ke bugowa da ƙarfi, kafin ƙiftawar ido ta isa bango. Aikina in lissafa ƙarfin bugun a kowane bango, in ga wanda zai ɗauka da wanda zai kasa.

Ga abin da nake so. Ka zana mini gidan daga sama, ko da hannu ne. Ka auna tsawo da faɗin kowane ɗaki, da kaurin kowane bango, ka rubuta na bulo ne ko na ƙasa. Ka faɗa mini irin rufi, kwano ko soro. Ka auna daga katanga zuwa inda Abdulaye ke jera butel. Sannan a cikin kowane ɗaki ka rubuta mutum nawa ne ke zama.

Kafin nan, don Allah a cire duk wuta daga jikin katangar baya. Kuma a ci gaba da yi wa Abdulaye magana, domin babu lissafin da ya kai a kwashe butel ɗin daga cikin mutane.

Ka ce wa Rokia ta riƙe wayar daidai, rabin sa hannunka ya yanke.

Ɗiyarka,
Shahida

*

Zongo
11 ga Maris

Ɗiyata Shahida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga zanen. Da metir ɗina na katako, wanda nake auna atamfa da shi a kasuwa, na auna gidan kaf. Shekara talatin bai taɓa cutar mai saye ba, ba zai fara a kanki ba. Maƙwabta sun ga ina rarrafe a gindin bango, har wata ta zo tana tambaya ko sayar da gidan za mu yi.

Ɗakunan gaba da na tsakiya duk bulo ne da kwano, ni na gina su. Ɗakin Yaaba shi ne na kusa da zaure, mai karo, wato tayil, a ƙasa da fanka a sama, na rubuta mutum ɗaya. Na can ƙurya mai jingine da katangar Abdulaye shi ne tsohon ɗakin goro na Alhaji, ginin ƙasa, rufin soro a kan azara. Shi ban rubuta kowa ba, goro ne a ciki.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki,
Abduljalil

*

Liyej
19 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa. Na gina gidanmu cikin ordinatar, na tayar da fashewar sau arba'in, kowane karo da yawan gaz dabam da wuri dabam. Na turo hoto uku. Kore yana nufin bango zai tsaya, rawaya zai tsage, ja zai faɗi.

Alhamdu lillahi, ɗakunan da mutane ke ciki kore ne da rawaya. Haɗarinsu gilashin taga ne, don haka a cire gilashin tagogin da ke kallon baya a sa katako, a kuma janye gadaje daga ƙarƙashinsu. Madafa a mai da ita gefen rijiya.

Ja ɗaki ɗaya ne, ɗakin goro. Cikin arba'in ya faɗi sau talatin da bakwai. Katanga za ta tura bangonsa ciki, azara ta zame, soron ya sauko gaba ɗaya. Amma faɗuwarsa ita ce ke rage wa sauran gidan ƙarfin bugun. Tunda ba kowa a ciki, lissafi ya ba ni asarar rai sifiri. Na yi ajiyar zuciya da na ga wannan sifirin, Kawu, sai da abokin aikina ya waiwayo.

Ka nuna wa Abdulaye hoto na uku, rumfarsa ce a ciki.

Ɗiyarka,
Shahida

*

Zongo, 21 ga Maris

Madam injiniya, taubashiyata,

Salut, ya Liyej, ya dankali. Rokia ce. Yau ba hoton wasiƙar Baba zan turo ba, tawa ce, kuma bai san na rubuto ba.

Da farko godiya. Baba ya buga hotunanki a takarda mai kala, yana yawo da su a aljihu kamar katin zaɓe. Ya nuna wa liman, ya nuna wa mai shayi. An cire gilasai, an tayar da madafa. Abdulaye ya ga rumfarsa ja wur, ya ce zai nemi fili can bayan gari, a ba shi zuwa bayan damina. Ya daina juye gaz da la'asar, yanzu da safe kawai yake yi. Ban san ko gaz ya san agogo ba.

Mais vraiment, Shahida, kin ba ni mamaki. Baba namiji ne, tun safe yana kasuwa sai magariba, kuma ko ya sani ba zai rubuta ba, domin kunya yake ji a ce ya gina wa uwarsa ɗaki mai karo ta guje shi ta koma na ƙasa. Amma ke? Ke da Yaaba ta raina tun rasuwar Gwaggo, mahaifiyarki? Ina kika yi barcin rana duk ƙuruciyarki?

Yaaba kwana kawai take yi a ɗakin fanka. Da ta idar da walaha sai ta ja sandarta ta nufi ɗakin goro, ba ta fitowa sai la'asar. Huhu bakwai gare ta yanzu. Ta kwance ganye, ta tsince goron ɗaya bayan ɗaya, mai sankara ta jefa a kwano, ta sake ganyen fita, ta yayyafa wa buhunan ruwa, ta yayyafa wa bango don ɗakin ya riƙe sanyi. In ta gama ta miƙe a tabarmarta, kanta a jikin bangon nan da kika shafa wa ja. A zafin nan babu inda ya kai wurin daɗi a duk Zongo, ni ma nakan je.

Na nuna mata hoton na ce Yaaba, nan kike kwanciya. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce kalar ta yi kyau, da atamfa ce da ta saya. Na ce ɗakin zai faɗi. Ta ce Alhaji ya gina shi kafin a haifi Baba, a ciki ya cika, in kwananta ya ƙare a ciki ba ta yi asara ba. Daga nan ta miƙo mini farsar goro ta ce in tauna in rage surutu.

Kin san Baba ba zai iya ce wa uwarsa tashi ba. Ni kuma ba a jin tawa. Donc, gare ki.

Taki,
Rokia

*

Liyej
22 ga Maris

Rokia,

Na gode, na gode, Allah ya biya ki. Yau ko tsokanar ba zan rama ba.

Kada ki ɗora wa Kawu. Ni da yatsana na buga sifiri a ɗakin nan. Ina kallon zanen, ina ganin sunan ɗakin, ban ji ƙamshin jiƙaƙƙen ganye ba, ban tuna tabarmar ba. Na ɗauke shi ɗakin ajiya kamar na kowane gini da ake kawo mini. Da na karanta wasiƙarki na shiga bayi a wurin aiki na yi kuka. Kunya ce ta fi yawa a ciki.

Na sake lissafin. Na sa mutum ɗaya daga ƙarfe goma zuwa huɗu. Na kuma sa abin da kika tuna mini, bangon da ake jiƙawa kullum shekara sittin, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta da ƙarfin busasshiya. Yanzu ɗakin yana faɗuwa sau arba'in cikin arba'in. Ba zan rubuta miki sauran ba.

Amma na yi wani tunani. Yaaba ba ta barin goro shi kaɗai. Ko biki aka je sai ta dawo da rana ta duba shi. Kada kowa ya sake ce mata ta tashi. A ce mata goro ne zai tashi. Tsohon ɗakin itace na gefen rijiya, ƙarƙashin dogon yaro, kore ne a duk lissafina. Ki karanta wa Kawu wannan, ki roƙe shi a gyara shi. Sannan ki gaya wa Yaaba cewa ni na san ƙarfin bango amma ban san abin da goro ke so ba, ita za ta faɗi kauri, ita za ta faɗi inda taga za ta kalla, magina su bi umarninta. Wannan ba dabara ba ce kawai, gaskiya ce, ban sani ba.

Ki gai da kowa.
Shahida

*

Zongo, 14 ga Afrilu

Shahida,

Coucou. Labari biyu, mai daɗi da maras daɗi.

Baba da ya ji wasiƙarki ya cire hula ya mayar, ya ce shi ma ya sani, bakinsa ne ya yi nauyi. Washegari ya kawo magina daga unguwar Dapoya. Wayyo, magina sun ga ta kansu. Yaaba ta sa aka kai mata kujera gindin dogon yaro, tana nuni da sanda. Suka kawo siminti ta ce a mayar, goro ba ya shiri da shi. Ta sa aka ninka bango da tubalin ƙasa, aka toshe tagar yamma, aka zuba yashi a ƙasa. Sau biyu ta sa aka rushe gefe ɗaya. Babban maginin ya ce ya yi aiki da injiniyoyi da yawa, bai taɓa haɗuwa da mai tsanani irin wannan hajiyar ba. Ta ji daɗin maganar, har ta ba shi goro marsa biyu.

Ranar Alhamis aka kwashe huhu bakwai zuwa sabon ɗaki, tana biye tana faɗa kada a buga su da ƙasa. Yanzu can take tsintar goronta tun walaha. Ta ce a gaya miki ɗakin ba laifi, an fara hankali.

Ga maras daɗin. Tabarmarta ba ta tashi ba. Da ta gama aiki, ta yi azahar, sai ta ja sanda ta koma tsohon ɗaki ta kwanta har la'asar. Ta ce goro baƙo ne, ko'ina aka ajiye shi zai zauna, ita kuwa ba baƙuwa ba ce. Na ɓoye tabarmar, ta kwanta a kan zanenta, dole na fito da ita. Baba ya sayo kwaɗo, ya tsaya da shi a ƙofar ɗakin ya fi minti goma, ya mayar aljihu.

Awa shida ta koma biyu. Ban san ko ordinatar ɗinki za ta ce an ci riba ba.

Rokia

*

Liyej
15 ga Afrilu

Zuwa ga Yaaba,
(Rokia, ki karanta mata a hankali, kada ki ƙara naki.)

Yaaba, ina wuni. Jikarki ce Shahida, mai cinye miki ƙuli-ƙuli a ɗaurin zane. Na gode da kika koya wa magina aiki, ni ma na ƙaru.

Na yi miki laifi. Da aka tambaye ni mutum nawa ne a ɗakin goro, na ce ba kowa. Ki yafe mini. Na gyara na ce mutum ɗaya, sai na ga har yanzu ban faɗi daidai ba. Tun ina shekara huɗu, ranar da aka kai Mama, a ɗakin nan kika kwantar da ni a bayanki, kika ce in riƙe bakin zanenki. Ko yanzu a nan ƙasar, in na rufe ido da rana, can nake komawa. In kina kwance a wurin, ni ma ina wurin.

Ga hoton ƙarshe, ba zan sake turo wani ba. Na zana tabarmar, na sa mutum biyu, babba da ƙarama. Jan da ke kansu soro ne. Ba zan ce ki tashi ba, ban isa ba. Na dai gyara lissafina ne don ya zama gaskiya.

Jikarki,
Shahida

*

Zongo
9 ga Mayu

Ɗiyata Shahida,

Assalamu alaikum. Na san Rokia ta kira ki jiya tana kuka kin kasa gane komai, shi ya sa na zauna in rubuta a tsanake. Ki fara da wannan: kowa yana raye. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Jiya Juma'a tun hantsi aka ɗauke wuta. Abdulaye ya yi juyensa da safe, ya rufe depo ya tafi masallaci, da alama akwai butel da bai rufu da kyau ba. Muna zaune liman yana cikin huɗuba ta biyu wuta ta dawo, fankokin masallaci suka fara juyawa. Ba su yi juyi goma ba muka ji ƙarar. Dawowar wutar ce ta kunna gaz ɗin da ya taru. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashinmu. Ni ban san lokacin da na fita ba, takalmin wani na sa, ƙafa ɗaya.

Ina gudu ina duba agogo a raina. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce. Kin san inda Yaaba take a wannan lokaci.

Na shiga gida ƙura ba ta bari a ga komai. Ɗakin goro babu shi. Soron ya sauko gaba ɗaya, kamar yadda kika zana, har azarar da kika nuna za ta fara zamewa ita ce a ƙasa. Na durƙusa ina tono da hannu ina kiran Inna, Inna, ni da na yi jika. Sai na ji muryarta a bayana daga gefen rijiya tana cewa, "Abdu, in ka gama tonon, zo ka ɗaga mini huhun nan, ya faɗo."

Tana ƙofar sabon ɗaki, ƙura a kanta fari fat, tabarma a hannunta. Ashe tun ranar da aka karanta mata wasiƙarki ta naɗe ta da kanta ta kai can, ta hana Rokia gaya wa kowa, wai kada a ce ta ji tsoro. Ni kuma kullum ina kasuwa. Mako uku ina ɗauke da tsoron da ba shi da dalili.

Pompiye sun zo sun kashe wutar. Ɗakunan tsakiya sun tsattsage inda kika sa rawaya. Katakon da muka sa a tagogi ya karye amma bai yanki kowa ba. Babban pompiyen ya ga takardarki ya tsaya yana kwatanta ta da gidan, ya tambayi wanda ya yi, na ce ɗiyata ce, na faɗa sau biyu. Abdulaye yana hannun hukuma ana tambayarsa. Kafin a tafi da shi ya zo ya faɗi a gaban Yaaba yana kuka, ta dafa kansa ta ce ya gode wa Allah da ranar Juma'a ce. Nauyin bakina ya kusa kashe uwata, wannan ni zan zauna da shi. Ranar Litinin zan je meri da ni da liman, akwai wani depon a layi na uku.

Ban san kalmar da zan gode miki da ita ba. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya yi miki albarka, ya tsare ki kamar yadda ya tsare mu ta hannunki.

Kawunki,
Abduljalil

*

Zongo, 11 ga Mayu

Shahida,

Yaaba ce ke faɗa, Rokia na rubutawa, na ce in ta ƙara ko kalma ɗaya zan sani.

Ina gaishe ki. Lafiyata lau, kunnen hagu ne kawai ke ƙara. Goro bai yi komai ba, guda tara ne suka fashe, na raba wa masu zuwa jaje.

Suna ta cewa na ji maganar injin. Ban ji ba. Ni ban ji tsoron soron Alhaji ba, har yau ban ji ba. Amma na ga kin kwantar da yarinya a bayana, ja a kanta. Uwarki ta bar mini ke a hannu, ban taɓa barin ki kwana inda ruwa ke ɗiga ba, balle inda rufi zai sauko. Ke na ɗauke daga wurin. Na gode da kika tuna inda kike kwanciya.

Na ware miki ƙwarya ɗaya ta farin goro, ina sake mata ganye duk bayan kwana uku. Ba zan ba kowa ya kai miki ba.

A sabon ɗaki tabarma biyu na shimfiɗa. In an sake tambayarki mutum nawa ne a ɗakin goro, yanzu dai ɗaya ne. Ki zo ki cika lissafinki.

Kakarki,
Adawiyya